FILIN MATA: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Makon nan za mu aje zancen girki da ɗinki tukuna, mu shirya tafiya. Tafiyar kuwa mai nisa ce, har ƙasar Amurka, domin mu gano wani kwazazzabo wanda ya yi suna a duniya duka.

Ke da kike zaune a ƙasar Gobir ba sai an gaya miki ko mene ne kwazazzabo ba. Kin ga yadda ruwan damina yakan sami wata 'yar hanya a bayan gari, bana ya ci taki guda, baɗi ya ci biyu, kafin 'yan shekaru sai ga rami wanda jaki ba ya iya tsallakewa, har ya raba mutum da gonarsa. To, ki riƙe wannan a ranki, ki yi ta ƙara masa zurfi da faɗi har hankalinki ya gaji. Abin da za mu je gani ke nan. Turawa suna ce da shi Grand Canyon, watau Babban Kwazazzabo. Sunayen wuraren zan rubuta su kamar yadda suke a allunan hanya, don kada ki rikice in kin je.

A kusa da mu babu irinsa. Abin da ya ɗan yi kama da shi yana gandun daji na W a Jamhuriyar Nijar, kudu da Yamai, inda kogin Tapoa da na Mekrou suka yanka dutse suka yi ƙananan kwazazzabai kafin su faɗa Kwara. An mai da wurin gandun ƙasa a 1954, akwai giwaye da ɓauna da zakoki a ciki. Amma 'yan bindiga sun shiga dajin cikin shekarun nan, ba shi ziyartuwa sai Allah ya kawo sauƙi.

Na san wata za ta ce, "Mu da zuwa kasuwar Shinkafi ya zame mana abin fargaba, ina mu ina Amurka?" Gaskiyarki, 'yar'uwa. Ba wanda ya manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa a watan Disamba na 2021, Allah ya ji ƙansu. Amma cikin masu karanta filin nan akwai yarinyar da karatu zai kai ta ƙetare, akwai kuma uwar da ɗanta yake can yana roƙon ta zo ta ga jikoki. Har wa yau, halin da muke ciki ya riga ya koya mana babban darasin wannan tafiya, watau mace mai hankali ba ta fita sai ta san yadda za ta komo da lokacin da za ta komo. Shirin zuwa Babban Kwazazzabo daga komowa ake fara shi.

GIRMANSA

Kwazazzabon yana jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka. Tsawonsa mil 277 ne in an bi kogi, watau kilomita 446, ya fi nisan Sakkwato zuwa Zariya a mota. Faɗinsa a wani wuri ya kai mil 18. Zurfinsa kuwa wajen mil guda. Domin ki gane mil guda a tsaye, ki tuna rijiya mai gaba 20, wadda jan guga daga cikinta yakan sa kafaɗa ciwo. Sai an ɗora irinta 44, wata bisa wata, kāna a kai mil guda.

Wanda ya yi wannan haƙa da ikon Allah shi ne kogin Kolorado. Masana duwatsu sun ce ya yi shekara wajen miliyan 5 zuwa 6 yana cin dutsen, ƙasar wurin kuma tana ɗagowa sama a hankali, shi kuwa yana ƙara nitsewa. Yashi da tsakuwar da yake ɗauke da su su ne haƙoransa. Ruwan sama da ƙanƙara kuma suka yi ta zaizaye gefuna har suka buɗe. Saboda haka in kin tsaya a baki za ki ga dutsen hawa-hawa, wani ja, wani fari, wani ruwan ƙasa, kamar an jera zannuwa cikin adaka. Na can ƙasa baƙi ne, an ce ya haura shekara miliyan 1,700.

Sunan Kolorado da harshen mutanen Sifen ma'anarsa ja, domin dā jan ruwa ne mai laka, kamar Gulbin Rima a tsakiyar damina. A 1963 aka toshe shi da wani babban dam a sama da kwazazzabon, yadda aka toshe namu a Goronyo. Tun daga nan laka takan kwanta a bayan dam, ruwan da ke fitowa yakan zama kore, mai sanyin gaske ko da bazara.

Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ziyarci wurin a 1903, ya sa shi ƙarƙashin tsaron gwamnati a 1908, sa'an nan a 1919 aka mai da shi gandun ƙasa. A 2024 mutum kusan miliyan 5 suka je gani.

DUTSE NE A KIFE

Ga abin da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. A ƙasarmu in za a hau dutse, kamar na Kwatarkwashi, wahala ake fara sha. Mutum yana hawa da ƙarfinsa, in ya gaji ya juyo, gangara ta kawo shi gida. Babban Kwazazzabo dutse ne a kife. Daga sama ake farawa, ƙafa tana gudu da kanta, iska tana kaɗawa, ana hira ana dariya. Sai an juyo za a ga ashe duk takin da aka yi ƙasa bashi ne, biyansa kuwa sai da hawa, ga gajiya, ga rana ta take, ga gora ta yi sauƙi. Ma'aikatan gandun suna gargaɗi cewa hawa yakan ci ninki biyu na lokacin sauka. Wadda ta gangara sa'a guda ta ɗauko wa kanta sa'a biyu ke nan.

Abu na biyu, zafi a ƙasa yake. Bakin kwazazzabon na kudu yana bisa tudu mai tsawon ƙafa 7,000 daga bakin teku, don haka ko a watan Yuli zafinsa yakan tsaya wajen digiri 29. A wannan rana ɗaya, can ƙasa bakin kogi ana digiri 41, wani lokaci har 49 a inuwa. Watau za ki tashi daga sanyin Jos ki gangara cikin zafin Sakkwato na watan Afrilu, ko fiye.

Abu na uku, wurin yana ruɗin ido. Turawan farko da suka gan shi mutanen Sifen ne, a 1540, shugabansu García López de Cárdenas, mutanen ƙabilar Hopi suka yi musu jagora. Da suka leƙa daga sama sai suka ga kogin kamar faɗinsa gaba guda ne. Suka yi kwana uku suna neman hanyar sauka. Uku daga cikinsu suka gangara, suka wuni, ba su ci fiye da sulusin zurfin ba suka komo, suna cewa duwatsun da ake gani daga sama kamar tsayin mutum sun fi hasumiyar birnin Sebil tsawo. Ƙishirwa ta kore su, ga ruwa suna gani ba damar sha. Har yau haka wurin yake yi wa baƙo. Mafi yawan shekaru akan rasa rai fiye da goma a gandun, waɗansu zafi, waɗansu ciwon zuciya, waɗansu faɗuwa ko ruwa. Da yawa cikin waɗanda akan ɗauko a galabaice samari ne majiya ƙarfi, waɗanda suka ce za su taɓa kogi su komo a wuni guda. Ma'aikata suna hana wannan ƙwarai. In mai gidanki ko ɗanki ya kawo wannan shawara, ke ce za ki tausa shi.

WANE WATA ZA A JE?

Kwazazzabon yana da gaɓa biyu, ta kudu da ta arewa. Tsakaninsu wajen mil 10 ne in tsuntsu zai tsallaka, amma a mota sai an zaga fiye da mil 200, tafiyar sa'a huɗu da rabi ko biyar. Baƙuwa gaɓar kudu za ta nufa, ita ce a buɗe shekara duka, can ne kuma masaukai da kantuna da asibiti suke. Gaɓar arewa ta fi tsawo, dusar ƙanƙara takan rufe hanyarta, bisa al'ada daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba kaɗai ake hidimar baƙi a can. A watan Yuli na 2025 kuma gobarar daji, wadda tsawa ta tayar, ta cinye babban masaukin wannan gaɓa da gidaje masu yawa. Kada ki sa ta cikin shirinki sai kin tambaya.

Watannin da suka fi daɗi su ne Afrilu da Mayu, sai kuma ƙarshen Satumba da Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyin da ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba, ƙanƙara takan daskare bisa turba ta yi santsi. Yuni zuwa Agusta zafi ne da cunkoson jama'a, domin lokacin hutun makarantunsu ke nan.

Wani abin mamaki, daminarsu tana faɗuwa kusan tare da tamu, daga Yuli zuwa Satumba. Hadari yakan haɗu bayan azahar, a yi tsawa mai tsanani. Wadda ke tsaye a bakin gaɓa ita ce abu mafi tsawo a wurin, saboda haka da jin tsawa sai a shiga ɗaki ko mota. Kin kuma san halin Gulbin Maraɗi, yadda akan yi ruwa can nesa, mu nan ko ɗigo ba mu gani ba, sai kawai ga gulbi ya kawo. Haka ƙananan kwazazzaban wurin suke. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta auko cikin rafin Havasu, ta tafi da mace guda, sai da aka kwashe mutum fiye da 100 da jirgi mai saukar ungulu. Kada a zauna hutawa cikin busasshen rafi da damina, komi daɗin inuwarsa.

TAKARDU DA HANYA

Farkon shiri fasfo ne da biza. Ofishin jakadancin Amurka yana Abuja, akwai ƙarami a Legas. A ƙarshen 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ba 'yan Nijeriya da 'yan Nijar biza ƙwarai, ta baƙunci da ta karatu. Irin waɗannan dokoki sukan sake daga lokaci zuwa lokaci, don haka a tambayi ofishin da kansa, kada a ba ɗan kamasho kuɗi, kada kuma a sayi tikitin jirgi sai biza ta shiga hannu.

In hanya ta buɗe, daga nan sai Sakkwato ta Goronyo, da rana tsaka kuma cikin ayari. Daga Sakkwato jirgin sama zuwa Abuja ko Legas. Daga Legas zuwa birnin Atlanta wajen sa'a 12 ne a sama, daga can kuma sa'a huɗu zuwa Phoenix, babban birnin Arizona. Daga Phoenix zuwa gaɓar kudu mil 230 ne a mota. Agogonsu yana bayan namu da sa'a takwas, watau muna sallar isha'i su rana tana tsaka. Ki ba jikinki kwana biyu ya saba kafin ki doshi kwazazzabo.

Wadda ke son jirgin ƙasa ta sauka garin Williams. Daga nan akwai jirgi mai kai mutane har bakin gaɓa cikin sa'a biyu da kwata. An buɗe wannan layi a 1901, ya daina ɗaukar fasinja a 1968, aka farfaɗo da shi a 1989. In kin isa kuma akwai motocin safa na gandun masu zagawa da baƙi kyauta.

Ki lura da wani abu. Za ki ga hoton wata gada ta gilashi wadda ake tsayawa bisanta a leƙa ƙasa. An buɗe ta a 2007, amma tana can yamma a ƙasar ƙabilar Hualapai, wajen sa'a huɗu a mota daga gaɓar kudu, ba ta cikin gandun gwamnati, kuɗin shigarta kuma dabam. Mutane da yawa sukan haɗa su, su ɓata kwana guda a hanya.

MASAUKI DA KUƊI

Masaukan da ke bakin gaɓa kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Mafi shahara shi ne El Tovar, wanda aka buɗe a 1905. Akan kama ɗaki tun watanni da yawa kafin zuwa, wani lokaci shekara guda. Wadda ba ta samu ba ta nemi garin Tusayan, dab da ƙofar gandun, ko Williams, ko Flagstaff mai nisan mil 80. Can ƙasa kusa da kogi akwai masauki guda tak, sunansa Phantom Ranch, shi kuwa ƙuri'a ake jefawa fiye da shekara guda kafin ranar kwana. Mai son kafa tanti a cikin kwazazzabo sai da takardar izni.

Kuɗin shiga a 2025 dala 35 ne ga mota guda, na kwana bakwai. Daga farkon 2026 aka ɗora wa baƙi waɗanda ba mazauna Amurka ba ƙarin dala 100 kowane babba. Ki sa wannan cikin lissafi, ki kuma ware kuɗin inshorar lafiya, domin asibitin Amurka yana da tsadar da ba a faɗa.

GORA DA GUZURI

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, a nan kuwa maganar gorar ce da kanta. Da zafi kowane mai tafiya yana bukatar wajen galan guda na ruwa a wuni, kusan lita 4. Kowa ya ɗauki nasa, har yaro gwargwadon ƙarfinsa. Akwai famfo a waɗansu wurare bisa turba, amma ruwan yana zuwa ne ta wani tsohon bututu da aka shimfiɗa wajen 1965 zuwa 1970, yakan fashe sau da yawa. A ƙarshen Agusta na 2024 ya fashe har sai da aka hana baƙi kwana a masaukan gaɓar kudu na 'yan kwanaki. Saboda haka ki tambayi ma'aikata da safe ko wane famfo ke zuba, sa'an nan ki cika gorarki kamar ba ki ji amsar ba.

Ruwa kaɗai ba ya isa. Iskar wurin busasshiya ce kamar ta hunturu, gumi yana bushewa tun bai zubo ba, mutum yana zubar da gishirin jikinsa bai sani ba. In ya yi ta ɗura ruwa ba ya cin komi, gishirin jini ya yi ƙasa, sai tashin zuciya da ciwon kai da ruɗewa, har yakan kai ga suma. Maganinsa a riƙa cin abu mai gishiri duk sa'ad da aka sha ruwa, kamar gyaɗa soyayyiya da biskit. Ki sa 'yan ƙullin gishiri da sukari cikin jaka, irin wanda kike dama wa yaro in yana zawo.

Kada ki wahalar da kanki da kilishi ko dambun nama daga gida. Kwastan na Amurka ba su barin nama daga ƙasarmu ya shiga, wadda ta ɓoye kuwa tara za ta sha. Duk abincin da ke cikin kayanki ki faɗa musu. Gyaɗa da dabino da burodi ana samunsu a kantunan can.

Tufafi kuwa, ki sa takalmin kambas mai kama ƙasa wanda ƙafarki ta riga ta saba da shi, silifa ba ta da aiki a nan. Zane ko doguwar riga kada su kai ƙasa, a sa wando a ciki. Mayafi mai haske ya fi baƙi, in zafi ya yi kuma ki jiƙa shi ki yafa, zai sanyaya ki. Ki ɗora malafa bisa ɗankwali. Ki riƙe rigar sanyi ko da bazara, domin asubar gaɓa tana da sanyi, da tocila ko da ba ki yi niyyar kai dare ba.

RANAR SAUKA

Ba dole ba ne a sauka. Akwai turba shimfiɗaɗɗiya mai bin bakin gaɓa, tsohuwa ma tana iya bin ta, abin da ake gani daga nan kuwa ya isa labari har tsufa. Sai dai tudun yana da tsawo, za ki ji numfashi yana yi miki kaɗan. Mai ciki da mai hawan jini da mai ciwon zuciya su ga likita tun a gida, su tsaya a sama.

Mai son ta ɗanɗana cikin kwazazzabon tana da turba biyu. Bright Angel ita ce ta baƙi, tana da ɗan inuwa, da rumfar hutawa a mil ɗaya da rabi, da wata a mil uku. South Kaibab ta fi buɗewar gani, amma babu ruwa a kanta ko ɗigo, inuwa kuma kaɗan ce. A zuwan farko rumfar mil ɗaya da rabi ta ishe ki, domin ko ita hawan ƙafa fiye da 1,000 ne a komowa.

Ki fita da sassafe bayan sallar asuba. Da zafi kada ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma su same ki kina tafiya a ciki. Tun kafin ki ɗaga ƙafa ki yanke lokacin juyowa, ki gaya wa abokan tafiya, in lokacin ya yi a juyo ko da wurin da ake nufi yana gabanku kuna ganinsa. In sulusin ruwanku ya ƙare, shi ma lokacin juyowa ne. A yi tafiya da takin wanda ya fi kowa rauni, kada a rabu. Ki bar wa wani a masauki sunan turbar da kuka bi da sa'ar da za ku komo, gama waya ba ta kamawa a ciki.

Za ku gamu da ayarin alfadarai, masu ɗaukar mutane da kaya zuwa ƙasa. Hanya tasu ce. A raɓe ta gefen dutse, a yi tsit, a bi abin da mai kora ya ce har su wuce.

YARA DA DABBOBI

Galibin bakin kwazazzabon babu shinge. Yaro ƙarami hannunsa cikin naki ko da yaushe, na goye ya zauna a baya. Kada a ja da baya don ɗaukar hoto. Kada yaro ya jefa dutse ƙasa, akwai mutane a turba ƙarƙashinku. Doka kuma ta hana ɗaukar dutse ko tsiro ko itace a fita da shi, abin gandun ƙasa na kowa ne har da waɗanda ba a haifa ba.

Dabbar da ta fi cizon baƙi a wurin za ta ba ki dariya, kurege ne. Ya saba da mutane, yakan zo har gaban mutum yana roƙo, in an miƙa masa hannu ya gartsa. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Akwai kuma waɗansu manyan bareyi masu ƙaho kamar rassan itace suna yawo cikin gari, a ba su wuri. In kin yi sa'a za ki ga babbar ungulun Kalifoniya, wadda buɗin fikafikanta ya haura ƙafa 9. A 1982 guda 22 kaɗai suka rage a duniya, aka kama su aka yi ta kiwo, a 1996 aka fara sakinsu a Arizona.

SALLA

Masallatai suna Phoenix, a gandun kuwa sai ki nemi wuri mai tsabta nesa da baki ki shimfiɗa darduma. Alƙibla a can arewa maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda muka saba. Ki tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da taimama tun kafin ki tashi, domin a cikin kwazazzabo ruwan gora na sha ne. Kada a shirya sauka cikin azumi.

MASU WURIN DA MATAN DA SUKA RIGA KI

Ki shiga da ladabi, gama wurin yana da masu shi. Ƙabilar Havasupai sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman masara da wake da kabewa a cikin kwazazzabon. Da aka yi gandu aka tashe su daga gonakinsu na kan turbar Bright Angel, na ƙarshensu ya fita a 1928. A 1975 gwamnati ta mayar musu da eka 185,000, a 2022 kuma aka sa wa tsohuwar gonar sunansu. Ƙauyensu Supai mil 8 ne daga inda mota ke tsayawa, wasiƙunsu alfadarai ke kai musu. Mu da muka ga 'yan'uwanmu sun bar gonakinsu ba da sonsu ba, mun san abin da wannan yake nufi.

Ke kuma 'yar makaranta, ga naki. Mutumin da ya fara ratsa kwazazzabon cikin kwalekwale, aka rubuta labarinsa, shi ne John Wesley Powell a 1869, mai hannu guda. Su goma suka tashi, shida suka kai ƙarshe. Bayan wannan aka daɗe ana cewa kogin ba na mata ba ne. A 1938 wata malamar jami'ar Mishigan, Elzada Clover, da ɗalibarta Lois Jotter, masana ilimin tsirrai, suka shiga kwalekwale suka yi kwana 43 bisa ruwa, suka fito lafiya da tarin tsire-tsiren da suka tattara suka rubuta sunayensu. Duk da wannan aiki su ne ke dafa wa mazan ayarin abinci. Masaukin Phantom Ranch na 1922, da hasumiyar Desert View ta 1932 mai tsawon ƙafa 70, mace ce ta zana su, sunanta Mary Colter, da duwatsun wurin aka gina su. Abin da ya kai waɗannan mata can karatu ne. Ki riƙe lissafi da labarin ƙasa da kyau, ki buɗe taswira ki nemo Arizona, ki auna nisanta daga Sakkwato ki nuna wa ƙannenki.

To, 'yan'uwa, shirin ke nan. Wadda Allah ya nufa da zuwa ta yanke wannan shafi ta adana, ta kuma tambayi ma'aikatan gandun abin da ya sake kafin ta tashi, matambayi ba ya ɓata. In ta komo ta rubuto mana abin da ta gani mu buga a filin nan. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya buɗe mana hanyoyinmu na kusa da na nesa, ya kai kowane matafiyi ya komo da shi gida lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.